Auta Mai Koriyar Lema

Shekara talatin da ɗaya Umma ta yi tana bugun tafireta a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai wankin hoto. Wasiƙu da takardun neman aiki ne suka riƙe ta, amma abin da ranta ke so shi ne gajerun labaran da marubuta ke kawo mata a rubuce da biro. Ba ta buga layi sai ta karanta shi da baki, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Mai agogo yakan ce shi kam ya more, ya samu rediyo kyauta.

Ni kaɗai ta haifa, kuma wurina ta dawo da zama bayan ta rufe shagon. Mantuwar da wasa ta fara: makulli a firji, tabarau a hanci ana nemansa. Muna ta dariya, har da ita. Ranar da ta daina kiran sunana ta koma ce mini "baiwar Allah", dariyar ta ƙare.

Wata la'asar hadari ya haɗo, sai na same ta tsaye a taga tana murza yatsu.

"Baiwar Allah, har yanzu Auta ba ta dawo ba? Da koriyar lema ta fita."

"Wace Auta kuma, Umma? Ni ce 'yar farinki, ni ce autarki."

Ta dube ni kamar na zage ta. Tun daga ranar, duk sanda sama ta yi duhu sai ta ƙi abinci, ta kafe a tagar nan tana hawaye. Likita ya ce kada in musa mata. Shi ai da sauƙi, ba a gabansa uwarsa ke kukan 'yar da ba ta haifa ba. Kishi na yi, ba zan ɓoye ba, kishi mai ɗaci.

A cikin kwalin tsoffin takardunta na gano Auta. Labari ne mai shafi huɗu, na wata mata wadda 'yarta Auta ta fita sayo zare cikin ruwan sama da koriyar lema ba ta dawo ba, uwar ta yi ta jira har hankalinta ya gushe. Kwafi uku na tarar, don marubucin ya yi ta gyare-gyare. Sau uku ke nan Umma ta faɗi kowace kalmar matar nan da bakinta.

Na sha yawo kafin in samu koriyar lema. Ranar da ruwa ya sauko na fita ta ƙofar baya, na zagayo, na ƙwanƙwasa ta gaba da ƙullin zare a hannu.

Ta rungume ni irin rungumar da rabona da ita tun ina makaranta. Ta goge mini fuska da gefen zanenta, tana faɗa tana kuka, wai na kusa kashe ta. Sai kuma ta leƙa bayana, ta rage murya.

"Matar nan da ke ba ni magani, ki sallame ta tunda kin dawo. Tana da kirki, amma kullum kallona take kamar akwai abin da na ƙwace mata."

Na ce to, Umma. Lemar na nan rataye a bayan ƙofa, kuma da sunan Auta nake amsawa yanzu.