Zuciyar da Malam Hudu Ya Gina Ido Rufe

Kafin masu shayi su gama hura wuta a bakin kasuwar Dutsin-Ma, Malam Hudu ya riga ya buɗe rumfarsa ya tsoma hannu cikin daro. Takardun buhun siminti ne a ciki, waɗanda ya jiƙa tun jiya. Sai ya yayyage su, ya kirɓa a turmi, ya dama kullun rogo ya zuba, sannan ya kwarara ruwan ganyen bedi, wato dogon-yaro, mai ɗacin tsiya. Wannan na ƙarshe awaki ne suka koya mashi. Shekarar da ya fara sana'a ya gina wani ƙaton takalmi don shagon mai ɗinkin takalma, ya shanya a rana ya tafi azahar. Da ya dawo, sai wayar ƙarfen da ke ciki kawai ya tarar, awakin unguwa suna gefe suna lasar baki. Tun daga ranar ko gara ba ta ƙara kusantar aikinsa ba.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kowa na ganin aikin, ba a san mai shi ba. Ƙaton kifin nan da ke kan rumfar Rabe mai suya, wanda 'yan acaba ke kwatance da shi, nasa ne. Takubba da kan kura da ɗaliban jami'a ke hawa dandali da su in za su yi wasan kwaikwayo, nasa ne. Haka 'yan ƙananan rumbuna da kwale-kwalen dam ɗin Zobe da baƙi ke saye tsaraba. Waya, soson katifa, yumɓu, tsohuwar roba, duk abin da ka yar, shi a wurinsa kayan aiki ne. Amma abin alfaharinsa fenti. Kai, mutumin nan ya iya fenti! Yakan ce, "Aikin da ba a hango shi daga tsallaken titi ba, ba aiki ba ne."

Ana nan sai ga Malama Hadiyya, mai koyar da bayoloji a wata sakandare a Kurfi, ta sauka daga mashin a ƙofar rumfa. Ta ce tana da ɗaliba, Surayya, 'yar garin Ɗantutture, wadda ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana shekara shida. Yarinya ce mai kai, abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Burinta ta zama malama. To, sauran mako bakwai jarrabawar fita, mahaifinta kuma ya riga ya yanke: ya sha surutun mutane ya gaji, in ta faɗi, karatu ya ƙare.

"Malam, komai ta riƙe da ka, ban da zuciya," in ji Malama Hadiyya. "'Yan ajin na kallon zane a allo, ita tana zaune. Na kawo mata ta rago, ta yi ƙanƙanta, ga santsi. Ko za ka gina mana wadda za ta riƙe?"

"Malama, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ki ba ni kwana tara."

Ya tafi mahauta ya sayo zuciyar sa, ya tsaga, ya ajiye littafin malama a gefe yana gwadawa. Kwana tara cif ya gina zuciya mai girman ƙwaryar fura, mai buɗewa gida biyu. Jijiyoyin jini mai kyau ya zuba masu ja, masu dawo da jinin da ya gama aiki ya zuba masu shuɗi, ya goge, ya shafa man ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ya naɗe ta a zane, ya ɗaura a bayan mashin sai Kurfi, yana tafe yana jin kansa.

Da ya kwance zanen, aji ya kaure da tafi. Aka ɗora a cinyar Surayya. Ta shafa, ta juya, ta sake shafawa. Can ta ɗago kai.

"Baba, Allah ya saka da alheri, ka sha aiki. Amma wace ce jar, wace ce shuɗiyar? Ni duk sulɓi ɗaya nake ji."

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da Malam Hudu ya shige. Ashe kwana tara ya yi yana yi wa masu ido aiki! Ya naɗe kayansa, bai iya ko sallama da kyau ba.

A gida matarsa Zaituna ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam, wa ka yi wa kwalliyar? Ni in na tura hannu a buhu na san gero na san dawa, ba sai na leƙa ba." Maganar nan ta shige shi.

Washegari 'yan kasuwa suka ga abin mamaki: dattijo zaune a rumfa, ya ɗaure idanunsa tam da hirami, yana laluben daro. Rabe ya ƙwala mashi kira, "Malam Hudu, da furfurarka kake wasan 'yar ɓuya?" Ya ce, "Bar ni, Rabe, makaranta na shiga." Waya ta soke shi, ya zubar da kullu ya fi a ƙirga. Amma a nan ya gane abin da hannu ke so. Jijiyoyin da a da shuɗi ne ya bi su da yashin bakin Zobe, suka yi kaushi. Na jini mai kyau ya naɗe su da jemammiyar fatar akuya mai laushi. Ɗakunan nan huɗu kowane da shimfiɗarsa: ɗaya gero, ɗaya soso, ɗaya tsumman buhu, ɗaya kaba. Sai ƙofofin da ke hana jini komawa baya, waɗanda suka ci mashi kwana uku. Robar tayar keke ya yanka ya dasa, yadda in ka tura yatsa ta wuce, in ka zo ta baya ta ƙi buɗewa. Ko ɗigon fenti bai sa ba.

Ranar da ya mayar, ba wanda ya tafa. Wata ma cewa ta yi, "Tabɗi, ta farkon ta fi kyau." Aka miƙa wa Surayya. Ta sa yatsa a jijiyar yashi, ta bi, ta faɗa ɗakin gero, ta tura ƙofar roba, ta gwada ta baya ta ƙi. Sai ta yi ƙara.

"Malama! Ga ta nan! Nan ne ba ya komawa!"

Ta ci gaba tana bi tana kiran sunan kowane lungu da bakinta, har ta fito ta jijiyar fata. Malama Hadiyya ta fashe da kuka. Dattijo ya juya baya yana goge fuska da hiramin nan. Ko in gaya maku sakamako? Ta ci! Mahaifinta da kansa ya kawo tiyar wake har rumfa. Yau Surayya malama ce, makafin yara take koyarwa, zuciyar nan kuma tana kan teburinta, gefenta har ya suɗe don shafa.

Kai ne, Malam Hudu, gwanin da yarinya ta gyara wa aiki a gaban jama'a bai ce rainin wayo ba ne. Kai ne ka ajiye abin da ka fi iyawa don wadda ba ta da amfani da shi. Na Zaituna, mai mayar da shara abin so!

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Shekara biyu ke nan ciwon ido ya kama Malam Hudu, likitoci suka ce gani ba zai dawo ba. A watan nan ya raba gwangwanayen fentinsa, ya sauka daga aikin shaguna. Surayya ta zo gaishe shi, tana neman kalmar ba da haƙuri. Ya katse ta.

"Ɗiyata, ajiye jajen nan. Miƙo hannu."

Ya lalubo wani abu a ƙarƙashin benci ya ɗora mata. Ƙoda ce, mai buɗewa gida biyu, ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Baba, yaushe ka yi wannan?"

"Makon jiya. Ai ke kika sa ni makarantar tun kafin buƙata ta zo. Duba mani, in da gyara ki faɗi, na saba."

Mun gode, Malam Hudu. Allah ya ƙara wa hannuwan nan albarka, ya sa a mizani. Ku kuma masu sana'ar hannu na Dutsin-Ma da Kurfi, kafin ku ce aiki ya yi kyau, ku tambayi mai amfani da shi. In kuma kun bi ta bakin kasuwa da safe, ku tsaya ku yi sallama. Ba zai gan ku ba, amma za ku same shi hannu cikin daro, huhu yake ginawa.