Yadda Na Kusa Tauye Zakkar Gari Guda

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu baki ɗaya. Ku yi haƙuri da rubutuna, bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ɗin ma ban kai ƙarshe ba, malamin ya kore ni ranar da na sayar masa da allin da na zaro daga aljihunsa. A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin kayan da ne, wato tsofaffin kayan gargajiya, a ƙasar Karaye, shekaruna sittin da ɗoriya, gemu fari fat, hali kuwa na ɗan sha biyar. Ina yawo a kan wani tsohon babur daga Kwanyawa zuwa Tudun Kaya har cikin Rogo, ina bin tsofaffi gida-gida, in karɓi akushi da tasoshi da tandu da mundaye da su anini, in ba su bokitin roba ko turmin atamfa, su yi ta sa mini albarka. Idan kuwa kayan suka yi wuya, ban cika damuwa ba, don ina ƙera nawa. Sabon akushi nake saye in shafe shi da man gyaɗa, in rataye a madafin matata ya sha hayaƙi wata biyu, ya fito baƙi ƙirin kamar kakan kakanka ya ci tuwo a ciki.

Da masu zuwa saye daga birni suka ɗauke ƙafa, sai wani taubashina mai shagon cajin waya ya ce mini ai kasuwa ta koma cikin waya, in daina ƙona mai a banza. Shi ya buɗe mini shafi a wata babbar kasuwar intanet, wadda ake sayar da komai daga mota har kaza. Na ɗan ci riba kuwa, har ranar da wani ya wanke akushina da ruwan zafi, tsufan ya bi ruwa ya tafi. Ya kai ƙarata, wasu biyu suka mara masa baya, aka rufe mini shafi. Taubashin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a duk zuriyarsu ba a taɓa korar mutum daga kasuwar da ba ta da ko rumfa ba sai ni. Na ce masa ya bari in samo kayan da ba mai iya wanke tsufansa, sannan mu nemi wata kasuwar. A raina kuwa na riga na san kayan da nake nufi.

A gidanmu na gado da ke Tudun Kaya akwai wani mudun tagulla, irin wanda ake ce wa mudun Annabi, na awon zakkar fid da kai. Kakanmu ne ya zo da shi daga hajjin ƙasa, bakinsa zagaye da rubutun larabci ƙanana. Da mahaifinmu zai rasu sai ya tsallake mu maza uku ya danƙa shi a hannun yayarmu, kuma ba wanda ya tambayi dalili, domin kowa ya san mu. Duk ƙarshen azumi gari guda ke layi a zaurenta, kowane mai gida ya ara ya je ya auna mudu huɗu a kan kowane rai da ke gidansa, ya dawo da shi, na gaba ya karɓa. Ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar gero a kan aron ba. A watan Sha'aban na je na gaishe ta, na zauna na ci ɗumame, na ce wani malami a Rogo yana son ganin rubutun da ke jikin mudun. Ta ɗauko shi cikin jakar fatarsa ta miƙo mini, ta ce in kula da shi, Auta. Har yau haka take kirana, da jikokina da komai. Na wuce birni wurin wani maƙerin fari, ya dube shi da ido ya ƙera mini irinsa cikin kwana uku. Na binne sabon a turken awaki mako guda ya yi duhu, na goge, na sa a jakar na mayar mata. Idonta ya yi yana, ba ta gani sosai. Ta fito da shi, ta ɗan ƙwanƙwasa da farce, sannan ta ce Allah ya yi mini albarka. Na hau babur ina jin duk ƙasar Karaye ba mai wayona.

Azumi ya kama muna neman kasuwa ni da taubashina. Mun fara da wani zauren gwanjo a waya, na tarar duk irina ne a ciki, kowa na rantsuwa kowa na ƙarya, wani ma ya ce mudun nawa gwangwanin madara ne, alhali ya bi ni ta bayan fage yana tayawa. Muka gwada wata kasuwar ƙasar waje, suka yi ta turo turanci kamar ruwan sama, taubashin ya karanta layi biyu ya ce kansa na ciwo, azumi ne. A wata kasuwar kuma wani mai daɗin baki ya kira ni, ya ce ya saya ba tayi, in dai karanto masa lambar da banki ya turo mini yanzu. Na fara karantowa ke nan taubashin ya fizge wayar, ya ce wato mai binne mudu a turke shi ma ana iya binne shi. A ƙarshe wani direba ya ba mu labarin wata ƙaramar kasuwa ta kayan da zalla, wadda wata tsohuwar malamar firamare 'yar Rogo Ruma ta buɗe bayan ta yi ritaya. Ya ce masu saye na gaske can suke taruwa, amma matar tana da tsauri.

Da na shiga shafin nata na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarƙashin kowane kaya akwai labarinsa, wa ya ƙera, a wane gari, me ake yi da shi, kuma akwai muryar mai shi yana faɗa da bakinsa cewa ya yarda a sayar. Na ga wani faifai da ni da kaina ba zan ba da goro a kansa ba, amma da na ji tsohuwar da ta saƙa shi tana bayani, sai da na ji ina son in saya. Na tura wa Malama hotunan mudu da saƙon murya, don ni rubutu a waya ba ya yi mini. Ta amsa da gaisuwa doguwa, ta tambayi iyali da ibada, ta kira ni Baba, ta ce ta daɗe ba ta ga kaya mai daraja irin wannan ba. Sannan ta tambayi na wane ne. Bakina ya riga hankalina, na ce na yayata ne, amma ta ba ni, na ma yi mata wani a madadinsa. Ta ce to madalla, sai in turo muryar Yaya.

A nan ne na yi abin da har yanzu matata ke ba baƙi labari. Da hantsi na shiga ɗaki, na yafa mayafinta don in ji na zama mace sosai, na toshe hanci, na danna waya na fara magana da siririyar murya ina rawar baki, wai ni ce yayar wane, na yafe masa mudu duniya da lahira, yaron kirki ne tun yana ƙarami. Ina cikin yabon kaina sai matata ta ɗaga labule, ta ce Malam lafiya, wa kake kwaikwaya da mayafina da azumi a bakinka. Na firgita na saki yatsa, saƙo ya tafi gaba ɗaya har da muryarta. Ban san yadda ake gogewa ba, kafin in kai shagon taubashina Malama ta riga ta saurara.

Na zaci zagi zan sha, ko ta watsa muryar duniya ta yi dariya, domin da ni ne abin da zan yi ke nan. Amsarta ta zo bayan la'asar, muryarta a kwance. Ta gai da Yaya da girmamawa, ta yi mata sannu da murar da ta ji a hancinta, ta ce a gai da baiwar Allah mai mayafi. Daga nan ta ce tana da saƙo zuwa ga ƙanen Yaya. Ta ce ba za ta sa mudun a kasuwarta ba, kuma ba don wasan da aka yi ba. Ta ce ta ƙara girman hoton ta karanta rubutun bakin mudun, sunayen malamai ne a jere, kowanne ya gwada mudunsa da na wanda ya gabace shi kafin ya yarda a yi awo da shi, na ƙarshe shi ne kakanmu. Ni da na yi allo har na iya ajami, shekara sittin ina ganin rubutun nan ban taɓa tsayawa na karanta ba. Sai ta yi mini tambaya ɗaya, ta ce shin sabon da na bar wa Yaya an gwada shi da tsohon, an zuba hatsi an gani, ko da ido aka ƙera. Ta ce in ba a gwada ba, to Baba ya tuna saura kwana uku salla, kuma mutane da shi za su auna.

Na ɗauko tsohon mudu na cika shi da gero na share baki. Sabon yana wurin Yaya, amma maƙerin ya yi mini guda biyu a zubi ɗaya, na ajiye ɗayan don wata rana. Na juye geron a ciki. Ya cika, ya tumbatsa, kusan rabin tafi ya zube a tabarma. Na sake, haka. Na sake har sau biyar ina canza hannu, kamar geron zai ji kunyata. Na zauna ina kallon ɗan tsibin nan na ƙasa, ina tuna mudu huɗu ne a kan kowane rai, ina tuna gidajen garinmu ɗaya bayan ɗaya, da jarirai da tsofaffi, kowane mai gida ya kai azuminsa talatin ya fitar da zakka a tauye bai sani ba, miskinai su karɓi ragi, kuma duk a wuyan wa. A daidai lokacin dillalin nan na zauren gwanjo ya kira, ya yi tayin da zai saya mini sabon babur har da ragon layya. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na ce masa bari in yi tunani. Na kuwa yi, har aka kira magariba ina zaune gaban geron nan.

Washegari da sassafe na ɗaure mudu a ciki kamar mai ciwon hanta na nufi Tudun Kaya. Na tarar da maza a ƙofar gida da buhunansu, ana ta gunaguni. Wani dattijo ya tare ni ya ce in shiga in yi wa yayata magana, kwana biyu ke nan ta hana aron mudu, wai ya yi tafiya yana hanya, ko tsufa ne ya fara taɓa ta. Na shiga. Abin da na fara gani a tsakar gida shi ne mudun maƙerina, cike da dusa, kaji sun kewaye shi. Yaya tana zaune a kan tabarma da carbi. Ban yi sallama ta biyu ba ta ce Auta, ka iso, ajiye shi nan. Na durƙusa na fara kame-kame, ta ce in bari kada in ɓata azumina da safe. Ta ce tun ranar ta sani. Na gaske yana da tsaga a gindi da aka like da dalma, ba ya yin ƙara idan an ƙwanƙwasa, kuma ni na tsaga shi ina ɗan shekara bakwai da na jefi ƙadangare da shi, ita ta karɓi dukan a madadina. Ta ce ban da haka ma, mudun kakanmu bai taɓa warin bunsuru ba. Na tambaye ta da ban dawo ba fa. Ta ce da jajibirin salla ta aika wa liman cewa ita ta ɓatar, a nemi wani a gari na gaba, domin tsohuwa idan ta ɓatar da kaya ana yi mata uzuri, amma dattijo mai jikoki idan aka kira shi ɓarawo, har jikokin sai sun ɗauka. Ni da ban yi kuka a jana'izar mahaifinmu ba, ranar kaji sun ga hawayena.

Hukuncin da ta yanke shi ne bana mudu ba zai fita ba, ni zan zauna a zaure in auna wa kowa da hannuna. Na wuni ina awo da azumi, bayana kamar zai ɓalle, mutane suna ta yaba mini, wai Allah ya shiryi Auta ya zama mai hidimar jama'a. Kowace albarka aka sa mini sai in ji kamar mari. Bayan salla Malama ta zo da kanta a motar haya, 'yar ƙaramar mace da tabarau, ta durƙusa har ƙasa ta gai da Yaya, suka wuni suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Ta ɗauki hoton mudun da muryar Yaya ta gaskiya, ta sa a shafinta, ta rubuta a ƙasa cewa wannan ba na sayarwa ba ne, yana bakin aiki. Ba ta taɓa tayar mini da zancen mayafi ba, sai da za ta tafi ta ce idan Baba ya samo kaya ya turo, amma da muryar masu shi, ta Baba ta riga ta san ta kala biyu.

Yanzu a kasuwarta nake sayarwa. Tsofaffin da nake karɓar kayansu suna magana da bakinsu, suna jin farashin da kunnensu, ni in ɗauki la'adata. Akusan hayaƙina ma ta yarda na sa, da sharaɗin in faɗi cewa sababbi ne madafin matata ya tsufar da su, kuma abin mamaki ana saye. Na yi yawon kasuwanni huɗu ina neman wadda ba za ta tambaye ni komai ba, ashe wadda ta tsare ni da tambaya ita ce ta cece ni. 'Yan'uwana dillalai, da ku matasa masu ɗaukar hoton kayan ɗakin kakanninku kuna turawa a waya, ku tambayi mai kaya tukuna, ku kuma tambayi aikin da kayan yake yi wa mutane, don wani abin tsufansa ba ya nufin ya gama aiki. Idan kasuwa ta karɓi kayanku ba ta tambayi na wane ne ba, ku ji tsoronta. Ni dai duk ƙarshen azumi ina zaure ina awo, Yaya tana daga ciki tana jin ƙarar gero, kuma kafin ta mayar da mudun jaka sai ta ƙwanƙwasa shi da farce a gabana. Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka wa Malama da alheri, ni kuma ya yafe mini.