Audu Sa-Hannu da Neman Man Haja

Duk wanda marigayi Audu ya taɓa ɗauka hoto a garin nan, ya je ya ɗauko hoton ya duba can ƙasa ta gefe. Zai ga wani abu baƙi, dunƙulalle kamar curin daddawa. To babban yatsansa ne. Ango da amarya, jariri ranar suna, buhunan masara a kasuwa, kowa ya fito da yatsan Audu a kusa da shi.

Ran da na fara gani na ce, "Audu, yatsanka ya shiga."

Ya ce, "Ba shiga ya yi ba, sa hannu na yi. Kai in ka je sakatariya ba dangwalawa kake yi ba?"

Daga ranar sunan ya bi shi, Audu Sa-Hannu.

Ni Iro taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka tsokanarsa haƙƙina ce, kuma Allah Ya sani ban bar ko kaɗan ba. Tare muka tashi a wani ƙauye ta wajen Damari, tare muka yi noma, tare muka kwaso komatsanmu muka dawo cikin Birnin Gwari da zaman bakin daji ya gagara. Gona ta yi mana nisa. Ni na kama rumfa ina sayar da igiya da tabarmi. Shi kuwa, da gemunsa fari fat, ya wayi gari ya ce ya zama mai hoto.

Mai hoto fa! Mutumin da tun muna samari ba ya yarda a ɗauke shi. Cewa yake yi kyamara tana zuƙe jinin mutum, shi ya sa mutanen cikin hoto ke fitowa kamar sun tashi daga jinya. Har ya koma ga Allah bai canja ra'ayi ba. In ka ce masa to yaya yake ɗaukar wasu, sai ya ce, "Jininsu ne, su suka kawo kansu. Ni mai ɗauka ne, ba abin ɗauka ba."

Amma ni na san abin da ya kai shi. Hoton Lami ne, matarsa, wadda ta rasu tun kafin mu baro ƙauye. Hotonta ɗaya tak a duniya. Wani mai hoto ne mai yawo a keke ya zo lokacin wani biki, ya rataya labule, ya ajiye kujera, ya ce maigida ya zauna, uwargida ta tsaya a gefe. Audu ya ce sai dai bayan ransa, ya shige gonar dawa. Lami ta tsaya ita kaɗai, hannunta a kan kujerar da ba kowa, tana yi masa dariya, wushiryarta a waje, ga zanen kalangu a kuncinta. Ranar da muka taso ruwan sama ya yi mana duka a hanya, hoton yana aljihunsa. Ya jiƙe, ya bushe, ya nannaɗe ta gefe ɗaya, fuskar ta dusashe. Kalangun nan sai wanda ya san yana wurin.

Sa'a, 'yarsa mai koyarwa a firamare, ita ta ba shi tsohuwar wayarta, ta ce masa yanzu akwai manhajar da ke gyara hoto.

Ya ce, "Man wa?"

"Manhaja, Baba."

"Man Haja. Wace Hajar? Ta bakin kasuwa mai man bilicin?"

Sa'a ta yi bayani har ta gaji, ta ce abu ne da ake saukewa a waya, kuma suna da yawa, sai wadda mutum ya zaɓa. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Har ƙarshen rayuwarsa Man Haja yake cewa.

Ya ce ba zai bari ko ɗaya ta taɓa mai ɗakinsa ba sai ya gwada halinta. Bai taɓa kiran sunan Lami ba, mai ɗaki yake cewa. Ya waiwaya hagu da dama ya ce, "Sai na fara da abin da ko ya lalace ba a yi asara ba. Iro, zo ka zauna."

Na zauna, ya ɗauke ni, Sa'a ta nuna masa inda zai taɓa. Ya taɓa. Kai jama'a! Sai ga ni na fito jawur, fuska sumul, ba tamoji ko ɗaya, idanu farare tas. Wallahi sai da na gyara hula.

Na ce, "Ka ga asalina ke nan, wahala ce ta ɓoye shi."

Ya kawo wayar dab da hancinsa. "Ina billen?"

"Wane bille?"

"Billen da kakarmu ta danne ka aka tsaga maka kana tsala ihu har ana ji a rafi. Ta ɗauke shi ba ko sallama? Wannan ɓarauniya ce." Ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Je ki, na sake ki." Ya goge ta.

Na ce, "Haba Audu, ko hoton ka bar mini."

"Ka kai wa wa? Matarka ta gani ta ce ƙanenka ne, ta miƙa masa tuwonka?"

Haka aka fara. A sauke sabuwa, a gwada ta, a sake ta. Mutanen majalisarmu har tambaya suke yi da safe, "Audu, amaryar jiya ta kwana?" Shi kuwa fuska a murtuke zai ce, "Ta tafi gidansu."

Ta biyu da nake tunawa, Saraya ce ta faɗa hannunta. Kun san Saraya, maƙwabciyarmu Bagwariya mai sayar da doya. Tana son hoto don taron zumuntar mata na cocinsu, ta ci ado ta zo. Aka ɗauka, aka gyara, hoto ya yi kyau. Sai ga wani rubutun boko ya fito a ƙasa, daidai kan yatsan Audu.

Ya ce, "Sa'a, me aka rubuta nan?"

"Sunan manhajar ne, Baba. Haka take yi wa kowane hoto."

"Af! Ni na tsaya a rana, ni na yi ta fama da Saraya ta daina ƙifta ido, ita kuma ta zo ta sa hannu? A kan nawa ma?"

Saraya ta ce, "Malam Audu, ni fa da rubutun da yatsan duk ban aike su ba. Ka cire mini su."

"Rubutu zai fita yanzun nan. Yatsa kuwa tare kuka zo, tare za ku tafi."

"To ka ɗan ƙara mini haske mana, in yi fari kaɗan."

Ya nuna mata tsakar titi. "Ga rana can, matsa."

Saraya ta tafi tana zaginsa da Gwaranci, yana amsawa da "Amin, amin." Hoton nan yana ɗakinta har gobe, a cikin gilashi, da yatsan.

Sai wata kuma mai canja wuri. Ka ɗauki mutum a gaban rumfa, ta ɗauke rumfar ta sa masa abin da ta ga dama. Tanko direban akori-kura ya zo, aka ɗauke shi a gaban motarsa da ko ƙofa ba ta da ita. Man Haja ta ɗauke motar, ta tsayar da shi a gaban wani dogon bene na gilashi, ga ƙanƙara fari ƙal a ƙasa. Tanko ya ji daɗi ya tura wa dangi. Ba a jima ba surukarsa ta aiko daga Tabanni, wai ta ji an fita waje ba sallama, ba komai, amma tana jiran tsarabarta, kuma bargo take so mai nauyi irin na can.

Tanko ya zo yana huci. "Baba Audu, ka haɗa ni da surukata!"

"Ni na tura mata? Ka je ka ce mata jirgin ne ya sauke ka a tashar Kaduna."

Audu ya ce wannan Man Haja maƙaryaciya ce, ba za ta kwana a wayarsa ba. Amma kafin ya sake ta, ɗan banzan sai da ya sa ni a tsakiyar teku, ni da ko rafin garinmu ba na ƙetarewa sai an riƙe mini hannu. Ya zagaya da hoton kaf kasuwa. Har yau akwai masu kirana Sarkin Ruwa.

Samari masu son fara sana'ar hoto kan zo su tambaye shi wacce za su sauke, da wasa da gaske. Amsarsa ɗaya ce kullum. "Ka gwada ta da fuskar da ka sani kamar tafin hannunka. In ta dawo maka da mutuminka, riƙe ta. In ta dawo maka da wanda ya fi shi kyau, kore ta, gobe kai za ta sayar."

Ana nan sai aka fara zuga wata, wai ita aikinta ke nan, ta da tsohon hoto. Kowa ya ce ita ce. Matsalarta ba ta motsi sai da sabis, ga shi a lokacin sabis sai an yi farautarsa. Audu ya hau tudun bayan unguwa, waya a sama kamar mai kiran shaho, ni ina biye da shi ina riƙe masa takalma. Ya gwada ta da ni, billena ya dawo lafiya. Ya gwada da Saraya, ta fito Sarayarta. Ya ce to, yau dai an samu 'yar halak. Ya sa aka kira Sa'a. Ya zaro hoton Lami daga cikin ledar da yake naɗe shi, ya ɗauke shi da waya, ya yi bismilla ya taɓa.

Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Sai ga mace ta fito, fara sol, hanci kamar biro, haƙora a jere ba wushirya, kunci sumul ba kalangu.

Ya dube ta ya dube ni. "Iro, kana nan aka ɗaura mini aure. Na taɓa auren Ba'indiya?"

Na fashe da dariya. Sai na ga ni kaɗai nake yi.

Sa'a ta ce a hankali, "Baba, inda ba ta gani ba, cikewa take yi da abin da take zato."

Ya ce, "Ƙago ta ta yi." Wannan karon bai ce na sake ki ba. Miƙa wa Sa'a wayar ya yi ya ce ta cire, ya mai da hoton cikin leda, ya karɓi takalmansa. Muka sauko. Ya jima bai ɗauki kowa hoto ba.

Sa'a ce ta gaji da ganinsa haka. Ta ce, "Baba, saura ɗaya, wadda ta zo a cikin wayar. Ba ta iya komai ba fa, daga ƙara haske sai rage shi, sai yanke gefe."

Ya ɗago. "Tana ƙara abin da babu?"

"A'a."

"Tana ɗauke abin da ke akwai?"

"Sai in kai ka ce ta ɗauke."

"Sabis fa?"

"Ba ruwanta da shi."

"Tana sa hannu?"

"Ba ta yi."

"To ina kika ɓoye 'yar mutunci irin wannan?"

"Tun ranar farko na nuna maka ita, ka ce ba ta da ado."

Ya ce shi bai tuna ba, kuma yaran zamani sun iya ƙage.

Da hantsi ya shimfiɗa hoton a kan tabarmata ta sayarwa, a inuwar rumfa, zai sake ɗaukarsa da waya. Gefen da ya nannaɗe ya ƙi kwanciya. Na miƙa masa ɗan dutse ya danne da shi, ya ture hannuna, ya danne da yatsa, ya ɗauka da ɗaya hannun. Daga nan kullum yana zaune yana jan haske, ya ja kaɗan ya tsaya, ya mayar, ya sake ja. Ranin nan kaf a kan haka ya ƙare. Na ce masa ko rijiya yake haƙa da yanzu ya kai ruwa.

Wata rana ya ce, "Sarkin Ruwa, zo ka gani. Wace ce wannan?"

Hoton bai fita tas ba, har yanzu da hazo-hazo, ga tabon ruwa a sama. Amma ga wushirya. Ga kalangu, siriri, a inda yake. Lami ce, baƙarta, tana yi wa wani sakarai dariya a gonar dawa.

Sai na koma ga abin da na iya. Na ce, "Sai dai an ɓata shi da yatsa. Ai wannan tana yankewa, ka yanke."

Na jira ya ce sa hannu ne. Bai ce ba. Cewa ya yi, "Ƙyale shi a inda yake."

Bayan damina ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, Allah Ya karɓi abinsa. Aka zo neman hotonsa da za a sa a waya don sanar da mutane, aka rasa. Sa'a ta bincike wayar nan kaf: rabin Birnin Gwari na ciki, Audu babu, sai yatsa, yatsa, yatsa. Muna zaman makoki muna dariya, hawaye na zuba.

Da aka share makoki ta ce za ta kai hoton mahaifiyarta a wanke shi babba. Ta zauna a rumfata ta buɗe shi a waya, ta ja layin yankewa za ta gyara gefen. Sai ta tsaya.

"Baba Iro, duba inda yatsan yake."

Na karɓa na duba. A kan kujerar nan yake, zaune daram, hannun Lami kuma yana bisa kansa.

Haka aka wanke shi, ba a yanke komai ba. Yana rataye a ɗakin Sa'a.

Allah Ya jiƙan Audu, Ya jiƙan Lami. Ya yafe masa sakin da ya yi ta yi ba shaidu, Ya yafe mini dariyar da na yi a kan tudu. Ya haskaka kabarinsu da hasken da ba ya canja fuskar kowa, Ya zaunar da su wuri ɗaya. Amin.