Tarin da Malam Yake Yi a Zaure

A ƙauyen Ƙofa na girma, a gidan kakanni. Abin da na fi tunawa shi ne lokacin sanyi bayan an gama kai amfanin gona gida. Da an ci tuwo, Iya, wato kakata ta wajen uba, sai ta hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafafu. Mu jikoki mu kewaye ta. Kakanmu Malam ba ya zama da mu. Yana can zaure kan buzunsa da carbi, amma tsakaninsa da mu katanga ɗaya ce, kuma katangar tana da ɓula.

Ni ne mai tambaya a cikin yaran. Iya tana ce mini angonta, ta ce ba ta taɓa ganin miji mai bakin tsiya irina ba, wanda ko gishiri bai taɓa saya mata ba amma kullum sai ya titsiye ta. A lokacin ba abin da nake so a duniya kamar doki. Shi ya sa nake yawan roƙon tatsuniya guda, wadda babu Gizo a cikinta, babu dabbar da ke magana.

"Ga ta nan tahe, wa za shi tare ta?" in ji Iya.

Mu ce, "Mu ne, ta iso mu ji."

Wai an yi wani manomi mai taurin kai da ke son doki. Tun bai samu ba ya kafa turke, ya tara harawa, ya je kasuwar Kankia ya sayo bulala. Da yake babu dokin, sai ya riƙa gwada bulalar a jikin baƙin karensa mai gadin awaki. Daidai nan kullum sai mu ji Malam ya yi tari a zaure. Iya ta ɗan dakata, ta juya dankali, ta ci gaba.

Akwai wani Ardo, shugaban makiyayan da ke sauka a gonar mutumin, da ya yarda zai ba shi goɗiya kiwo, in ta haihu su raba. Ranar da ya zo duba turke, da sandarsa a kafaɗa, bai ko gama sallama ba karen ya yi kansa, sai da ya yage masa riga. Ardo ya ce, "Gyara karenka tukuna. Wanga zai kama mani agarar goɗiya, ita kau ta halbe shi ko ta halbi ɗiyanka."

Mutumin ya yi wa kare dukan kawo wuƙa. Ardo ya dawo, kare ya fi da. Ya ɗaure shi da gajeren igiya, kare ya tsinke ta. Sai ya kai shi can bayan Kafinsoli ya yar, ya je ya ce wa Ardo an rabu da fitina. Ardo ya dube shi ya ce, "Ran da goɗiyata ta yi maka gardama, ina za ka kai ta ka yas?" Ya hana shi goɗiyar. Da mutumin ya dawo gida ma ya tarar karen ya riga shi isowa.

A nan nake shiga da tambaya. "Iya, to me ya sa karen yake cizo?"

"Yawwa," in ji ta. "Shi mai gidan bai taɓa tambaya ba, matarshi ce ta tambaya."

Wai matar ta lura masu tallar nono suna shiga gidan suna fita, kare ko kai ba ya ɗagawa. Yara ma haka. Ita kanta bai taɓa yi mata haushi ba, sai ranar da ta bi ta gabansa da muciya a hannu, ya kama ta a sha-raɓa. Tana jinyar ƙafa tana tunani, har ta gane cewa duk wanda ya riƙe wani abu dogo shi karen ke faɗa wa. Ta faɗa wa mijin. Ya ji kunya, ya rataye bulala, ya koma shi ke kai wa kare abinci hannu sake, ya tsuguna nesa har ya cinye. Sai da aka yi damina guda ana haka. Da Ardo ya sake zuwa da sandarsa, kare ya shinshina ta ya koma ya kwanta, aka kawo goɗiya.

Wata rana wuta ta haska ƙafar Iya, na ga tabo huɗu a sha-raɓarta. Na ce, "Iya, wannan fa?" Ta ja zane ta rufe, ta ce, "Ƙurunƙus, dankali ya nuna, kowa shi ɗauki nashi." Na kwana ina juya abin a raina, ban kai ga komai ba.

Yanzu ina da iyali a Kankia, ina koyarwa, ina ɗan noma. Son dokin bai bar ni ba. Shekarun baya Malam Sale, wani makiyayi daga Kaikai da shanunsa ke cin karan gonata, ya ce zai ba ni goɗiya kiwo. Na yi murna kamar yaro. Amma ina da jan kare mai gadin tumaki, Damisa, wanda ya sa baƙi suka fara yi mini sallama daga nesa. Ranar da Malam Sale ya zo, na ce ya bar sandarsa a waje, ina ganin na fi mutumin tatsuniya wayo. Ya shigo hannu sake. Ya sunkuya zai cire takalmi ya hau tabarma, sai Damisa ya yi kansa. Da kyar na riƙe shi. Malam Sale ya ce akwai wani a Kusada da ke son goɗiyar, amma zai jira ni zuwa kaka.

Abin ya ɗaure mini kai, tunda babu sanda. Na yi kwanaki ina zama a ƙofar zaure ina kallon wanda karen ke bari da wanda yake tasar wa. Ban gano ba. 'Yata Hafsatu ce, tana aji uku a lokacin, ta ce, "Baba, ai mai cire takalmi yake tsoro. Kullum ka dawo makaranta ya taho da gudu, takalmi kake cirewa ka jefe shi."

Gaskiya ta faɗa. Ba na son ya taɓa mini tufafin salla, shi ya sa nake korarsa haka, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Kunya ta kama ni sosai. Na samo masa wuri a gefen garke, na riƙa kai masa abinci da kaina, ina cire takalmi a gabansa a hankali, in ajiye, in zauna. Makon farko gurnani yake yi har jikinsa na rawa. Kafin a yanke gero ya daina. Malam Sale ya dawo, ya cire takalmansa, Damisa ya yi hamma. Goɗiyar tana turkena yau, ta haihu sau biyu.

Da na ba mahaifina labari, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce bulalar cikin tatsuniyar Iya tana nan rataye a zauren Ƙofa, ita ce wadda muka taso muna gani ba a taɓa saukewa ba. Da ina zaton Iya tana koya mana yadda ake samun doki ne. Yanzu ina ganin so take mu riƙa tambayar abin da ya sa dabba ta zama yadda ta zama, ko da amsar za ta nuno mu. Har yau kuma ban sani ba ko don mu take yin tatsuniyar, ko don mai zaure.

Hafsatu ta girma, kuma ba ta da aiki in an yi baƙi sai ba da labarin Damisa. Ranar nan ina zaure na ji ta kai wajen takalmi. Ban san lokacin da tari ya kuɓuce mini ba.