Ranar da Na Sa Surukina Shimfiɗa Hannu a Hanyar Germantown

Mun bar Manchester tun kafin gari ya waye, ni da uwargida, za mu Amurka gaida iyayenta da ke zaune a Germantown, kusa da Washington. Zuwana na farko ke nan tun da suka koma can, don haka na ƙudura sai na nuna wa Baba cewa 'yarsa tana hannun mutum mai natsuwa.

Tarba kam mun sha ta. Masa da miyar taushe muka tarar, har na manta a wace nahiya nake. Washegari muka leƙa shagunan 'yan Afirka a Silver Spring, na tambayi kuɗin doya ƙwaya ɗaya, da na ji sai na mayar da ita inda na ɗauko cikin ladabi. Tituna kuwa faɗi kamar filin idi, kowa yana bin hannun dama.

Bakina ne ya fara jawo mini. Muna cin abinci na shiga cika shi: na daɗe ina tuƙi a Ingila ba a taɓa kama ni ba, na kai mota har Faransa, na san an sauya tambarin da ake liƙa wa motocinmu in za a fita waje, kuma a zaurenmu na WhatsApp an ce tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai tarar gudu ba ta bin mutum gida. Ranar Juma'a sai Baba ya miƙo mini makullin motarsa, ya ce in kai mu masallaci. Duk wanda ya san surukuta ya san wannan ba ƙaramar yarda ba ce.

Muka hau babban titin da ke shiga Washington. A Ingila mil saba'in ake yi a irin wannan hanya, su ma nan da mil suke lissafi, sai ƙafata ta yi abin da ta saba, har da ɗan ƙari don kada huɗuba ta wuce mu. Ashe hamsin da biyar ne a wurin! Alluna suna nan birjik, ni ne ban duba ba, duk hankalina yana kan kada in zame hannun hagu.

Sai ga fitilun ɗan sanda a madubi. Na tsaya a gefe, sannan na tafka wautar da ta fi gudun. Na buɗe ƙofa na fito, hannu cikin aljihu ina laluben lasisi, wai zan je in gaishe shi a tsaye don girmamawa. Wallahi tsawar da ya daka mini har yau tana kunnena. Hannunsa na kan bindigar ƙugunsa, yana cewa in koma mota in nuna hannuwana.

"Shigo, ɗana," in ji Baba a hankali. "Ɗora hannu kan sitiyari, kada ka motsa."

Na shiga, na waiwaya. Dattijo mai furfura, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa tafukansa biyu a kan allon gaban mota, motoci na wucewa ana leƙen mu. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba a rayuwata.

Da ɗan sandan ya ga lasisin Ingila sai ya sassauta. Ya ce a nan ba a fita sai an ce ka fito, ya rubuta mini tara, ya tafi. Tarar na biya ta a ranar, ko zafinta ban ji ba. Salla kuwa an idar kafin mu isa. Har muka gama kwanakinmu Baba bai tayar da maganar ba, ko Mama bai gaya wa ba, ni kuma na kasa haɗa ido da shi.

Yanzu mun dawo Manchester lafiya. Darasin dai shi ne, kafin ka taɓa sitiyari a ƙasar mutane ka tambayi mazauna wurin, ka rabu da malaman WhatsApp.

Ranar komowarmu Baba da kansa ya tuƙa mu filin jirgi, ni a kujerar baya. Da muka sauka ya riƙe hannuna da hannun nan nasa da na sa ya shimfiɗa a mota, ya ce, "In kun sauka, ka kai mini 'yata gida a hankali."