Baba Mai Agogo da Tambayar Tashin Jiki

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Ubangiji ya kira bawansa, dattijon ikilisiyarmu kuma malamin ajin baftisma, wanda yara da manya suka sani da Baba Mai Agogo. Ya rasu a gidansa yana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar wata huɗu. Babbar 'yarsa ce ta bugo mini waya ina wurin aiki. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Yaya, Baba ya tafi gida. Ga mu nan za mu kawo maka shi." Ta faɗi haka ne domin aikina ke nan. Shekara ashirin da biyu ina aiki a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ina wanke waɗanda suka rasu, ina shirya su kafin 'yan'uwansu su zo ɗauka.

Baba, na san akwai waɗanda suka fi ni cancantar rubuta maka wannan. Akwai gwauraye mata da ka koya wa karatu don su iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu, akwai ma'aurata da ka sasanta a bayan shagonka ba tare da kowa ya ji ba. Ni abin da ya haɗa ni da kai layi ɗaya ne a cikin Shaidar Bangaskiya da muke faɗa duk ranar Lahadi. Na ba da gaskiya ga Allah Uba da ya halicci kome, da Yesu Almasihu da ya mutu domin zunubaina, da Ruhu Mai Tsarki. Amma idan aka zo kan tashin jiki, sai bakina ya ƙi. Saboda wannan layin na shekara tara a ajinka ban yi baftisma ba, har ka tafi ka bar ni a haka.

Ranar da muka fara haɗuwa, agogon hannuna ne ya tsaya na kawo maka. Shagonka bai fi ɗakin girki girma ba, bango cike da agogo, kowane da nasa lokacin. Ka maƙala ƙaramin gilashin nan a ido, ka buɗe murfin, kana aiki da hantsaki kana tambayata sana'ata. Na saba da abin da ke biyo baya idan na faɗa. Mutum yakan ce Allah ya taimaka, ya ɗan ja baya, wani ma ya fasa miƙo hannu. Kai kuwa sai ka ajiye hantsakin, ka jawo mini kujera da ƙafa, ka ce, "To zauna. Wai da gaske ne farcen mutum yana ci gaba da girma bayan ya mutu?" Na ce ba girma yake ba, fata ce take janyewa. Ka yi murna da wannan amsa kamar na kawo maka tsaraba. Awa biyu na yi a shagon, kuma ban tashi ba sai da ka sa na yi alkawarin leƙa ajinka ranar Asabar.

Ajin yana ƙaramin ɗakin da ke bayan coci, inda ake jingine kujerun da suka karye. Benci huɗu ne da allo mai tsaga a tsakiya. Dokarka ɗaya ce, ba a amsa maka da "haka aka ce". Ka riƙa cewa wanda aka yi wa baftisma a kan abin da bai taɓa juyawa a ransa ba, wanka kawai aka yi masa. Ina tuna ranar da kake koyar da Allah ɗaya cikin Uku. Wata tela da ke ajin ta ɗaga hannu ta ce ita ta gane, kamar ruwa ne, wani lokaci ya zama ƙanƙara, wani lokaci tururi. Ka yaba mata sosai, har ta fara gyara ɗankwali. Sannan ka ce, "To 'yata, idan Uba ne ya juye ya zama Ɗa, da Yesu yake addu'a a lambu, da wa yake magana?" Ka ce mana Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, amma Allah ɗaya ne, kuma duk misalin da muka kawo zai yi ɗingishi ta wani gefe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ka faɗi haka fuskarka a sake. Rashin kai wa ƙarshen abin bai dame ka ba, daɗi ma yake yi maka.

Ni dai na ɗauka asirina a rufe yake. A lokacin sujada, idan jama'a suka miƙe suna faɗin Shaidar Bangaskiya, ina bi da murya har kan gafarar zunubai, daga nan sai in yi ɗan tari, in sake kama su a kan rai na har abada. Na yi wata shida ina wannan dabara. Wata Lahadi bayan an tashi ka tare ni a bakin ƙofa, ka ce, "Ɗana, tarin nan naka yana da ilimi. Ya san daidai inda yake sauka." Kunya ta kama ni, amma na faɗa maka gaskiya. Na ce Baba, ni na san abin da jiki yake zama bayan kwana uku idan wuta ta ɗauke firij ya tsaya. Na ga wanda ruwa ya ci, na ga wanda aka kawo a cikin buhu. Idan aka ce ruhu yana tafiya wurin Ubangiji, na yarda. Amma wannan naman, a ce zai tashi? Ka saurare ni har na gama, ka ce tambaya ce mai kyau, kada in yar da ita, in zo da ita ranar Asabar.

A shekara ta biyu na yanke shawarar in rufe ido in wuce. Matata ta gaji da zuwa ita kaɗai teburin Jibin Ubangiji, inda waɗanda aka yi wa baftisma kaɗai ke karɓar gurasa da ƙoƙo, 'ya'yanmu biyu sun riga ni yin baftisma, mutane sun fara tambayarta ko akwai wani zunubi da nake ɓoyewa. Ta ɗinka mini fararen kaya, ta goge ta rataye. Saura kwana ɗaya dattawa su yi mana tambayoyi, ka kira ni gefe ka ce, idan aka tambaye ni tashin jiki me zan ce. Na ce zan ce na gaskata. Ka ce, "Ka gaskata ɗin?" Na ce saboda maman yara zan faɗa. Ka zaro biro daga aljihu, ka ja layi a kan sunana a takardar masu shirin baftisma ina kallo. Ka ce Allah ba ya fushi da mai tambaya, amma ba za ka riƙe mini fitila in yi masa ƙarya a gaban jama'arsa ba. Na ji haushinka ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye ba. Matata kuwa wata biyu ba ta gaishe ka ba. Fasto ma ya ce ka tsananta, ai mutane da yawa suna faɗin abin da ba su gama fahimta ba. Ka ce rashin fahimta daban, rashin yarda daban, kuma ruwan baftisma ba zai ƙare ba kafin in shirya.

Abin da ka yi bayan haka shi ne ya hana ni barin coci. Duk ranar Jibin Ubangiji, idan benci ya watse kowa ya tafi gaba ya bar ni a zaune, kai sai ka taso daga wurin dattawa ka zo ka zauna kusa da ni. Sai layi ya kusa ƙarewa ka tashi ka karɓi naka, kai ne na ƙarshe kullum. Shekara bakwai kana haka, har yara suka ɗauka wani aiki ne ikilisiya ta ba ka.

Ba ka taɓa yi mini wa'azi a kan wannan magana ba, tambayoyi kawai kake jefo mini, wasu ma sun fi nawa wuya. Wanda aka yanke wa ƙafa yana yaro, da ƙafa nawa zai tashi? Jaririn da ya rasu a ranar haihuwarsa, a jariri zai tashi ko a babba? Idan na ce ai ni ya kamata in yi waɗannan tambayoyi, sai ka yi dariya ka ce kai ma ba ka sani ba, kuma kana ɗokin gani. Abin da ka tsaya a kai kaɗan ne, amma ba ka taɓa matsawa daga kansa ba. Allah ne ya yi jiki da hannunsa ya ce yana da kyau. Da zai cece mu, bai aiko da saƙo daga nesa ba, jiki ya ɗauka, ya ji yunwa, ya gaji, ya zubar da jini. Da ya tashi kuma bai bar jikin a kabari ba, ya fito da shi har da tabon ƙusoshi, ya ci kifi a gaban almajiransa. Ka ce Allahn da ya yi duk wannan ba zai ceci rabin mutum ya bar rabi a ƙasa ba. Na ce maganar ta shiga kunnena, amma idona yana ganin wani abu daban kowace safiya. Ka ce to mu ci gaba da jira, ba inda za ka.

Ashe akwai inda za ka. Mako ɗaya kafin rasuwarka na zo duba ka da la'asar. Kana kwance a falo, matarka, Mama, tana yi maka fifita, ka rame har zobenka yana yawo a yatsa. Ka ce, "Ɗana, na kusa samo amsar tambayarka. Matsalar ita ce ba za a bar ni in dawo in gaya maka ba." Mama ta ce ka daina irin wannan magana. Ka juya ka gaya mata, a gabana, cewa idan lokaci ya yi ni kake so in shirya ka, kada a ba wani. Na fita daga gidan na san na makara. Na so a ce hannunka ne zai riƙe ni ranar da zan shiga ruwa.

Ranar da ka rasu, da rana tsaka suka kawo ka. Ni da abokin aikina, wanda muke kira Dogo, muka ɗora ka a kan teburin ƙarfe. Na wanke ka da ruwa mai ɗumi, ko da yake babu wanda yake ɗumama ruwa a ɗakin nan. Na aske maka gemu, na taje maka kai, muka sa maka kayan da Mama ta aiko. A aikinmu fuska da hannu ake kula da su, domin su jama'a za su gani idan an buɗe akwati. Ƙafa kuwa safa ake zura mata a wuce. Dogo ya miƙo mini safar, sai na ga farcen ƙafarka ya yi tsawo saboda watannin kwanciya, dugaduganka duk faso. Na ajiye safar, na jawo kujera, na yanke farcen ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko man shafawa daga jakata ina murza maka a dugadugai.

Dogo ya tsaya yana kallona, ga wasu biyu suna jiranmu a firij. Ya ce, "Kai, wa zai ga ƙafa? Ƙasa fa za ta."

Ban ɗago kai ba na ce, "Da su zai miƙe."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ban shirya ta ba, ba kuma don in faranta wa kowa rai na faɗe ta ba, domin babu kowa a ɗakin sai Dogo, wanda ko coci ba ya zuwa. Na zauna riƙe da ƙafarka, na bincika zuciyata yadda ka koya mini, ko ƙarya na yi. Na tarar ba ƙarya ba ce. Har yanzu ban san yadda za a yi ba, Baba. Ban san amsar jaririn ba, ban san ta mai ƙafa ɗaya ba, kuma gobe da safe idona zai sake ganin abin da ya saba gani. Amma na kasa yarda cewa Allah ya gama da wannan jikin da ke hannuna. Na yi kuka a ɗakin da na shekara ashirin da biyu ban zubar da hawaye ba, Dogo ya fita ya ja mana ƙofa.

Bayan jana'iza na je wurin fasto na ce a rubuta sunana. Ya dube ni ya yi mini tambayar da za ka yi, na amsa masa. Za a yi baftismar a ƙarshen wata mai zuwa. Baƙin cikina shi ne kwana arba'in da 'yan kai kacal suka raba ka da ganin abin da ka jira shekara tara.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba, ya gafarta maka kurakuranka saboda jinin Ɗansa, ya ba ka hutu a wurinsa. Mama, Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ki, ya cika miki gidan da ya yi shiru. Ga 'ya'yansa biyar da jikoki, da dattawan ikilisiya, da dukanmu da muka zauna a kan bencin ajinsa, Ubangiji ya ba mu haƙuri da ƙarfin zuciya, ya sa mu gama namu zaman cikin bangaskiya.

Ka huta, Baba. Na shirya ka da kyau, ba abin da na tsallake. Ranar da aka kira, ka miƙe.