Ranar da Inna ta kira sunan Yaya

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma mu a Farin Dutse, ko da Fulatanci ya suɓuce mana a baki, kunyar ɗan fari tana nan daram. In tana son a kira shi sai ta ce da ni, "Ke, ce da wancan tuwo na hucewa." Da ya sayi babur ya fara acaɓa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, sai ya koma "mai babur". Ni kuwa da bakina bai iya shiru ba nakan ce, "Inna, wane wancan? Ai wancan ɗin da yawa." Sai ta ɗaga mini ludayi.

Wata damina 'yan sanda suka tare shi a wani shinge a kan hanya, wai a kan takardun babur, suka kulle shi a caji ofis. Baba ya riga ya rasu, ni kuma ina jego, don haka Inna ce ta dama fura ta tafi ita kaɗai. Suka bar ta ta leƙa shi ta tsakanin ƙarafa. Ta same shi a zaune a ƙasa, fuska a kumbure, ya kasa miƙewa, ya kasa riƙe ƙwaryar. Bayan haka aka aiko a zo a ɗauki gawa. Suka ce faɗuwa ya yi da babur a hanya, wai ko ƙofar caji ofis bai taɓa takawa ba.

A zaman makoki Inna ce ke miƙa wa masu kuka ruwa. Ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba, mata suna ta yaba mata. Ni kam haushinta na ji, wallahi, har na daina gaishe ta da kyau.

Shekaru suka shuɗe. Sai na ji a rediyo an kafa kwamiti na mutanen da ba 'yan sanda ba, su sa ido a kan gyaran da aka ce ana yi wa aikin, kuma za su zauna a Birnin Kudu su saurari duk wanda aka zalunta. Na je na sami Inna. Ta ce, "An bar wa Allah." Na ce, "Inna, ƙarya suka yi masa yana kwance a kabari, kuma duk duniya ke kaɗai kika gan shi a ɗakin nan. In kika yi shiru, shi ke nan, haɗari ne ya kashe shi har abada." Amma ranar da za a zauna na tarar ta riga ni yafa mayafi.

Shugaban kwamitin wani tsohon alƙali ne mai furfura. Ya ce wanda ya gani da ido shi zai yi magana, don haka ni sai na koma benci. Aka ajiye wa Inna abin magana a gabanta. Ta ba da labarin tiryan-tiryan, muryarta ko rawa ba ta yi ba: mai babur yana zaune, mai babur ya kasa shan fura.

Sai lauyan da ke kare 'yan sandan ya miƙe. Bahaushe ne fa, da hularsa da carbinsa, babu abin da bai sani ba na al'adarmu. Ya ce, "Inna, masu babur a ƙasar nan ai ba su ƙirguwa. Wanda kika gani, ɗanki ne?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"To, mene ne sunansa?"

Inna ta ƙara yin ƙasa da kai. Lauyan ya juya ga alƙali yana murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ko sunan ba ta sani ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kai ba uwa ce ta haife ka ba? Tir da halinka!" Aka kama ni aka zaunar.

Alƙalin ya cire tabarau, ya sassauta murya. Ya ce, "Inna, na san abin da ya riƙe ki. Ni ma ɗan fari ne, har uwata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Amma in ba ki faɗa ba, zai ce wani dabam kika gani. Ni ba ni da ikon faɗa a madadinki."

Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta. Sannan ta ɗago ta faɗi sunan, lasifika ta kwashe shi ta watsa a ɗakin. Ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi." Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Lauyan ya zauna bai ƙara tambaya ba.

Kwamitin ya gama zamansa ya tafi. Har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya zo mana da wani bayani, kuma na ji an ce mutanen da suka kulle shi canjin wurin aiki kawai aka yi musu. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A motar komawa Gwaram ranar, Inna tana jikin taga, ta jingina kai har muka yi nisa. Na ɗauka barci ya kwashe ta. Can sai ta taɓa gwiwata, ta matso kusa da kunnena don kada fasinjoji su ji.

Ta ce, "Ke, na faɗe shi daidai kuwa? Haka kuke kiransa?"